Shin tango ne kiɗan gargajiyar Ajantina? Amsa ga mai tambaya

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Turai ya aiko da tambaya. Ya ce yana da abokin karatu ɗan Ajantina wanda ba ya gajiya da yabon ƙasarsu, har wata rana ya nuna masa wani bidiyo: tsaunuka sun sha ƙanƙara, ruwa na zubowa daga kan duwatsu, makiyaya a kan dawakai, nama a kan garwashi, a bayan hotunan kuma wani kiɗa ne ke tashi mai haɗe da bugun na'ura, aka ce masa tango ne na zamani. Tambayarsa kashi biyu ce. Shin tango shi ne kiɗan gargajiyar mutanen da ke zaune a waɗannan wurare? Sannan wanda ya ji ɗin nan, tango ne na ainihi ko aron suna aka yi?

Ɗan'uwa, amsar kashin farko a'a ce. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, duk abin da ka gani na ƙasarsu ne, kiɗan ma nasu ne. Sai dai mai haɗa bidiyon ya ɗaura aure tsakanin abubuwa biyu da ba gida ɗaya suka taso ba. Kamar a ɗauko hoton tsaunin Mambila da Fulani na kiwo, a sa masa kiɗan fuji na Legas, a ce ga Najeriya. Ba a yi ƙarya ba, amma ɗan Gembu zai yi murmushi.

Ajantina ƙasa ce ta takwas a girma a duniya, faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 2.78, wato ta ninka Najeriya sau uku, alhali mutanenta ba su wuce miliyan 46 da wani abu ba. Daga iyakarta ta arewa zuwa ƙurewar kudu akwai tafiyar kusan kilomita 3,700. Ruwan da ka ga yana zubowa kusan tabbas matsirgar Iguazú ce, a kan iyaka da Brazil, inda ruwa ke faɗowa ta wurare kusan 275, mafi zurfinsu ya kai mita 80. Wurin daji ne mai zafi da laima, nisansa da Buenos Aires ya haura kilomita 1,000. Katangar ƙanƙarar nan mai launin shuɗi da ke tsagewa tana faɗawa cikin tafki ita ce Perito Moreno, can kudu a yankin Patagonia, fiye da kilomita 2,000 daga babban birnin. A yamma akwai tsaunukan Andes, inda Aconcagua yake da tsawon mita 6,961, babu tsaunin da ya kai shi a wajen nahiyar Asiya. A arewa maso yamma kuma, a lardin Jujuy, akwai kwarin Humahuaca mai duwatsu ja da rawaya da kore, inda har yanzu a watan Agusta 'yan asalin ƙasar ke haƙa rami su zuba abinci da abin sha don girmama ƙasa, al'adar da suka gada tun kafin zuwan Sifaniyawa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yankuna yana da kiɗansa, kuma ba tango ba ne. A Santiago del Estero chacarera ake yi, da gita da goge da wata ganga da ake fafe kututturen itace a rufe ta da fata ba tare da an aske gashinta ba, shi ya sa amonta ke fita da kauri. A Salta da Tucumán akwai zamba, wadda mace da namiji ke rawarta nesa da juna, kowa na kaɗa hankici. A Corrientes chamamé ne sarki, wani lokaci ma da harshen Guaraní na 'yan asalin yankin ake rera shi, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2020. Makiyayan da ka gani a kan dawakai, su ake kira gaucho, mutanen filin nan ne marar iyaka da ake kira pampa. Suna da rawar maza zalla ta buga ƙafa mai suna malambo, suna kuma da payada, inda mawaƙa biyu ke zama da gita suna jifan juna da baitoci nan take, wanda ya rasa amsa ya faɗi. Duk wannan 'yan ƙasar suna tattara shi su kira shi folklore, kuma babban bikinsa ana yin sa ne duk watan Janairu a garin Cosquín tun 1961. Idan kana son jin muryar duwatsu da gonakin Ajantina, Atahualpa Yupanqui da Mercedes Sosa za ka nema.

Al'adar da ta haɗe ƙasar baki ɗaya, ta birni da ta ƙauye, ba ma kiɗa ba ce. Mate ne. Busasshen ganye ne da ake cika ɗan ƙoƙon duma da shi, a zuba ruwan zafi wanda bai tafasa ba, a tsotsa da bututun ƙarfe mai rariya a gindi. Mutum ɗaya ne ke zubawa, shi zai sha na farko mai ɗaci, sannan ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa, ƙoƙo ɗaya bututu ɗaya ga kowa. Idan abokinka ya miƙa maka, kada ka juya bututun, kuma kada ka yi godiya sai ka ƙoshi, domin da zarar ka ce na gode sun fahimci ka gama, ƙoƙon ba zai sake zuwa wurinka ba. Abin mamaki, Siriya ce kan gaba wajen sayen wannan ganye daga Ajantina, saboda Larabawan Sham da suka je ci-rani suka komo gida da ɗabi'ar.

To daga ina tango ya fito? Daga bakin tashar jiragen ruwa. A biranen Buenos Aires da Montevideo, babban birnin Yurugwai, waɗanda ke gaɓa biyu na kogin La Plata, aka haife shi wajen shekarun 1880. Babu tsauni ko ɗaya a Buenos Aires, shimfiɗaɗɗen gari ne a bakin ruwa mai launin laka. A lokacin jiragen ruwa na ta sauke talakawan Italiya da Sifaniya, da Yahudawan gabashin Turai, da Larabawa. Ƙidayar 1914 ta nuna kusan rabin mazauna birnin a wata ƙasa aka haife su, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Suka cunkushe a manyan gidajen haya, iyali guda a ɗaki guda, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A nan suka tarar da gaucho waɗanda shingen waya da masu manyan gonaki suka koro daga daji, suka kuma tarar da jikokin bayin da aka kawo daga Afirka.

Wannan ɓangare na ƙarshe an daɗe ana share shi daga labarin. A ƙidayar 1778 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Buenos Aires baƙaƙen fata ne ko ruwa biyu. Suna da ƙungiyoyinsu da gangunansu da rawarsu mai suna candombe, wadda har yau take da rai sosai a unguwannin Montevideo. Daga candombe, da kiɗan milonga na makiyaya, da habanera da ma'aikatan jirgi suka kawo daga Kyuba, da karin waƙoƙin Italiya, tango ya haɗu. Ɗaya daga cikin tsofaffin tango da har yanzu ake kaɗawa, El Entrerriano na wajen 1897, wani baƙar fata mai kaɗa fiyano ne ya tsara shi, Rosendo Mendizábal. Fitaccen gwanin payada na zamanin, Gabino Ezeiza, shi ma baƙar fata ne.

Manyan gari da farko ƙyamarsa suka yi, domin kiɗan gidajen giya ne da na matan banza, rawar kuma ta rungumar juna ce. Na san wasu masu karatu a nan za su ɗaure fuska, to ba su kaɗai ba ne: da rawar ta isa Turai, sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya hana hafsoshinsa yin ta da kayan sarki a 1913, babban limamin cocin Paris ma ya la'ance ta a 1914. Amma Paris ta riga ta kamu, kuma sai da Paris ta karɓa sannan masu kuɗin Buenos Aires suka buɗe masa falo. A nan ne ma asalin ruɗanin da ke cikin bidiyon abokinka. A 1921 wani fim na Amurka ya nuna Rudolph Valentino yana rawar tango da kayan gaucho, da Francisco Canaro ya kai makaɗansa Paris a 1925 su ma da kayan makiyaya suka hau dandamali, mutanen da a gida kwat da nakatayel suke sawa. Tun daga lokacin duniya ta ɗauka tango da doki 'yan gida ɗaya ne.

Kafin in zo kan na zamani, sai ka san kayan kiɗan da ke ba shi murya, wato bandoneon. Akwati ne mai kusurwa huɗu, katako a gefe biyu, zugazugi a tsakiya, ana ɗora shi a kan gwiwa. A Jamus aka ƙera shi a tsakiyar ƙarni na 19, sunan wani ɗan kasuwa Heinrich Band ya ɗauka. Irin wanda ake amfani da shi a tango yana da maɓallai 71, 38 a hannun dama, 33 a hagu, kuma kusan kowane maɓalli sauti ɗaya yake bayarwa in an buɗe zugazugin, wani daban in an rufe. Ba a jera su bi da bi ba, a warwatse suke, mai kaɗawa kuma ba ya ganin yatsunsa. Ka ga ke nan taswira huɗu zai haddace da ka. Za ka ga ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a cinya don kada gefen akwatin ya ci masa wando, idan kuma yana son sauti ya fito da ƙarfi sai ya ɗaga dunduniya ya saki gwiwa ƙasa, nauyin akwatin ya fizge zugazugin. Mafi daraja su ne na masana'antar Alfred Arnold da aka ƙera kafin yaƙin duniya na biyu. Da baƙi suka yi ta saye suna fita da su, sai da ƙasar ta kafa doka a 2009 don taƙaita fitar da tsofaffin.

Ga kuma abin da mafi yawan mutane ba sa lura da shi, wanda shi ne ginshiƙin amsar tambayarka ta biyu: cikakkiyar ƙungiyar makaɗan tango ba ta da ganga. Bandoneon ne, da goge irin na Turawa, da fiyano, da babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa. Su ne ke yin aikin ganga. Mai fiyano ya danna da hannun hagu, mai babban goge ya mari cikin katakon, mai ƙaramin goge ya karta igiya ta bayan gadar har ta yi kukan gyare. Tunda babu ganga da ke riƙe da lokaci, makaɗan suna da 'yancin ja da saki. Sukan jinkirta kamar za su tsaya, su ja sautin daga ƙasa ya taso a hankali, sannan su afka wa bugun gaba ɗaya. Mawaƙi yakan makara da gangan ya cimma su a ƙarshen baiti. Wannan ja-in-ja da lokaci shi ne ran tango.

Shekarun 1935 zuwa 1955 su ake kira zamanin zinariya. An shiga su ne da rasuwar Carlos Gardel, mawaƙin da ya mayar da tango waƙar da ake zama a saurara, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a Medellín ta Kolombiya ranar 24 ga Yuni 1935. Har yau masoya na saƙala sigari mai wuta a hannun mutum-mutuminsa a maƙabartar Chacarita. Bayansa manyan ƙungiyoyi suka cika gari. Juan D'Arienzo mai bugu da sauri, wanda ya dawo da matasa filin rawa. Carlos Di Sarli mai natsuwa. Aníbal Troilo, wanda bandoneon ke kuka a hannunsa. Sai Osvaldo Pugliese, ɗan gurguzu, wanda ya tsara ƙungiyarsa a matsayin haɗin gwiwa ana raba kuɗi bisa ƙa'ida. Duk lokacin da aka kulle shi, yaransa sukan ci gaba da wasa da jan fure a kan fiyanonsa babu kowa a kujerar. Ka riƙe sunan Pugliese, za mu sake haɗuwa da shi.

Bayan juyin mulkin 1955 da ya kifar da shugaban ƙasa Juan Perón, abubuwa suka lalace. Taron dare ya yi wuya, kiɗan rok ya kwashe matasa, ɗaukar nauyin makaɗa goma sha wani abu ya gagara. Cikin wannan hali Astor Piazzolla ya fito da nasa. An haife shi a Mar del Plata a 1921, ya yi ƙuruciya a New York, ya kaɗa bandoneon a ƙungiyar Troilo, sannan ya tafi Paris a 1954 don ya zama mai tsara kiɗan gargajiyar Turai. Kamar yadda shi kansa yake ba da labari, malamarsa Nadia Boulanger ce ta sa ya kaɗa mata tangon da yake ɓoyewa don kunya, ta ce masa nan ne ainihinsa yake. Ya komo ya shigo da gitar lantarki, ya ɗauko dabarun jaz da na Bach, tsohon gwanin tsara kiɗa na Jamus, ya riƙa raba bugu takwas zuwa uku, uku, biyu, ya kuma miƙe tsaye da ƙafa ɗaya a kan kujera maimakon zama. 'Yan mazan jiya suka kira shi makashin tango. Shi kuma ya ce to, a kira abin da yake yi kiɗan Buenos Aires na wannan zamani. Ya rasu a 1992, yau kuma filin jirgin saman garinsu sunansa yake ɗauke da shi. Saboda haka gardamar "wannan ba tango ba ne" ta girme ni ta girme ka.

Yanzu ga abin da ka ji. Daga bayaninka, irin wanda ake kira electrotango ne. Gotan Project ne suka buɗe wannan ƙofa, a Paris aka kafa su a 1999, mutum uku: Bafaranshe Philippe Cohen Solal, ɗan Ajantina Eduardo Makaroff, da ɗan Suwizalan Christoph Müller. Faifansu na farko ya fito a 2001 ya zaga duniya. A 2002 Bajofondo suka biyo baya, haɗin 'yan Ajantina da 'yan Yurugwai ƙarƙashin Gustavo Santaolalla da Juan Campodónico, sai Tanghetto a 2003. Dabarar ita ce a shimfiɗa bugun kwamfuta a ƙasa, a ɗora bandoneon da goge a sama, wani lokaci a yanko muryar tsohon faifai a liƙa. Masu talla da masu bidiyon yawon buɗe ido suna son sa ƙwarai, domin bugunsa daidai yake daga farko har ƙarshe, yanka hoto a kansa ba wuya.

Ra'ayina shi ne, wannan daidaiton shi ne rauninsa. Kwamfuta ba ta jinkiri, ba ta numfashi, ba ta jiran mawaƙi. Da zarar an ɗaure bandoneon a kan bugun da ba ya motsi, an bar masa murya an ƙwace masa tafiya. Ba na cewa kiɗan ba shi da daɗi, wasu ayyukan Bajofondo gwaninta ce tsantsa, kuma su da kansu sun daɗe suna gudun a liƙa musu wannan suna. Dubban mutane ta wannan hanya suka fara sanin bandoneon, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma idan ka ɗauka shi ne iyakar tango na zamani, ka tsaya a zaure.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a cikin gida ya faru. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wasu matasa da suka taso da kiɗan rok suka gane cewa dattawan zamanin zinariya na ƙarewa, kuma mafi yawan sirrin kiɗan ba a rubuce yake ba; takarda na nuna sautin da za a kaɗa, ba ta nuna yadda ake jan sa. A 2000 Ignacio Varchausky, mai babban goge a ƙungiyar El Arranque, ya kafa makarantar makaɗan tango a Buenos Aires, ya ɗauko Emilio Balcarce yana da shekara sama da 80 ya shugabance ta. Ɗalibai na zama kusa da tsofaffi suna koyon salon Troilo da na Di Sarli da na Pugliese baki da baki. Sai ga rugujewar tattalin arziki ta Disamba 2001, lokacin da aka hana mutane cire kuɗinsu a banki, ƙasar ta ga shugabanni biyar cikin kusan mako biyu. A wannan shekara aka kafa Orquesta Típica Fernández Fierro. Sun fara ne da turo fiyano kan titi a unguwar San Telmo ranar Lahadi suna ajiye hula. Sun ɗauki tsarin haɗin gwiwa irin na Pugliese da nauyin bugunsa, suka ƙara masa fushi, suka buɗe gidan wasansu a unguwar Abasto a 2004. Ba su da ganga, ba su da kwamfuta, amma in ka ji bandoneon huɗu sun faɗo a tare za ka rantse akwai. Julián Peralta, wanda da shi aka kafa ta, ya fita ya kafa Astillero don kaɗa sababbin ƙira zalla. Waƙoƙin wannan zuri'a sun daina zancen fitilar kan kwana da budurwar da ta gudu a 1940, suna maganar kuɗin haya, da tsadar kaya, da masu tsintar kwali a titi da tsakar dare. Mata kuma, waɗanda a da sai dai su rera, yanzu suna riƙe bandoneon suna jagorantar ƙungiyoyi.

Wani abin dariya shi ne, a gidajen rawa da ake kira milonga, har gobe faifan 1940 ne ke mulki. Ana sa waƙa uku ko huɗu na ƙungiya ɗaya, sai a katse da ɗan wani kiɗa daban don kowa ya koma kujerarsa. Namiji ba ya tasowa ya nemi mace, daga nesa yake haɗa ido da ita ya ɗan gyaɗa kai, in ta kau da fuska shi ke nan babu wanda ya ji kunya. Da an sa La Cumparsita, wanda ɗalibi ɗan Yurugwai Gerardo Matos Rodríguez ya tsara a Montevideo, kowa ya san dare ya ƙare. Saboda wannan tarayya ne ƙasashen biyu suka kai tango gaban UNESCO tare, aka karɓe shi a 2009. A shekarar ce kuma wasu ma'aurata 'yan Japan suka lashe gasar rawar tango ta duniya da ake yi duk watan Agusta a Buenos Aires tun 2003.

Inda daji da birni suka haɗu da gaske, akwai shi, amma ba a irin bidiyon nan ba. Dino Saluzzi ɗan lardin Salta ne, bandoneon yake kaɗawa, kuma a cikin kiɗansa za ka ji zamba da faɗin tsaunukan arewa sun shiga cikin tango ba tare da an yi musu dole ba. In kana son tabbatar da maganata da kunnenka, ka saurari Pugliese, ka bi shi da Fernández Fierro, sannan ka koma kan wanda abokinka ya nuna maka, kana buga ƙafa a ƙasa. A na ƙarshen ƙafarka ba za ta taɓa ɓata ba. A na biyun farko za su yi ta zille maka. Sannan ka tambayi abokin naka wane lardi ya fito. In ya ce maka shi ɗan Córdoba ne, to akwai yiwuwar a bikin gidansu ba tango ake sawa ba, ba kuma chacarera ba, cuarteto ne, wani kiɗan rawa mai sauri da garin ke ji da shi tun shekarun 1940.